Dutsen Apophis da daren 13 ga Afrilun 2029: faɗowa zai yi ko wucewa?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An turo wani saƙon murya a zauren WhatsApp na danginmu, inda wani mutum yake ta rantsuwa cewa hukumar NASA ta Amurka ta tabbatar wani ƙaton dutse mai suna Apophis zai faɗo wa duniya ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2029, kuma wai ana ɓoye maganar ne don kada hankalin jama'a ya tashi. Da na bincika sai na tarar ana cewa wucewa kawai zai yi. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a wani wuri an ce faɗinsa mita 270 ne, a wani wuri 325, a wani 340, har na ga inda aka rubuta 450. Mutanen da har yau bakinsu bai zo ɗaya a kan girman dutsen ba, ta yaya za su bugi ƙirji su ce sun san inda zai bi?

Malamin_Fizika:
Wa alaikumus salam Hajiya. Saƙon da aka turo muku tsohon labari ne aka sake ɗumamawa. An gano dutsen ne ranar 19 ga Yunin 2004 a cibiyar duban taurari ta Kitt Peak da ke jihar Arizona, kuma mutum uku ne suka gano shi: Roy Tucker, David Tholen da Fabrizio Bernardi. Dare biyu kacal suka samu suna kallonsa, daga nan ya ɓace musu, sai a watan Disamba aka sake hango shi daga Ostireliya. Da aka yi lissafi da ɗan abin da ke hannu, sai aka ga akwai yiwuwar ya yi karo da duniya a 2029, yiwuwar ta yi ta hawa har ta kai kashi 2.7 cikin ɗari, wato ɗaya cikin 37, ranar 27 ga Disamban 2004. A ma'aunin haɗari na Torino, mai hawa daga 0 zuwa 10, an ɗora shi a hawa na 4, kuma babu wani dutse da ya taɓa kaiwa can, kafinsa ko bayansa.

A wannan rana ce kuma aka tono wasu hotunan sama da aka ɗauka tun watan Maris na 2004, aka tarar yana ciki ba wanda ya lura. Wannan ya tsawaita tarihin tafiyarsa da aka sani, nan take maganar karo a 2029 ta mutu. Saura aka bar 2036 da 2068. An kawar da ta 2036 bayan wucewar da ya yi a Janairun 2013, ta 2068 kuma a Maris na 2021, lokacin da aka auna shi da na'urorin rada na Goldstone da Green Bank a Amurka yana nisan kusan kilomita miliyan 17. Tun daga lokacin NASA ta cire shi daga jerin masu haɗari, ta ce babu karo na tsawon aƙalla shekara ɗari.

Dan_Gusau:
Malam, duk abin da ka kawo daga bakin NASA ya fito. Idan da gaske zai faɗo, kana ganin za su fito su faɗa? Gwamnatin da ta ɓoye abubuwan da ba su kai wannan ba, me zai hana ta ɓoye wannan?

Malamin_Fizika:
Ɗan'uwa Dan_Gusau, da a ce sama ta mutum ɗaya ce, da maganarka ta kama hanya. Duk wanda ya auna matsayin irin waɗannan duwatsu, ƙwararre ne ko mai sha'awa ne da madubin hangen nesansa a bayan gida, yana aika sakamakon zuwa cibiyar Minor Planet Center, kuma a buɗe bayanan suke ga kowa. Hukumar sararin samaniya ta Turai tana nata lissafin daban, masanan jami'ar Pisa a Italiya sun daɗe suna nasu, Rasha da Sin suna da nasu masanan, kuma ka san waɗannan biyun ba za su rufa wa Amurka asiri ba. Ka kuma tuna cewa a 2004, da lissafin ya yi muni, ai a fili aka wallafa shi, shi ya sa ma har yau ake yawo da shi.

Mai_Lissafi_Zariya:
Ina ganin har yanzu ba a amsa ainihin tambayar Hajiya ba, kuma tambayar tana da ma'ana ƙwarai. Amsar ita ce girman dutse da hanyarsa abubuwa biyu ne da ake aunawa ta hanyoyi daban, kuma sanin ɗaya bai dogara da sanin ɗayan ba.

Apophis ɗigon haske ne kawai a madubin hangen nesa. Daga haske ake ƙiyasta girma, alhali ƙaramin dutse mai fari da babba mai duhu suna iya ba da haske iri ɗaya. Shi ya sa alƙaluman suka yi ta sauyawa. An samu mita 270 ta hanyar nazarin hasken da yake mayarwa, sannan a 2013 madubin Herschel na Turai ya auna zafin da yake fitarwa ya ba da kimanin 325, daga baya rada ta ba da matsakaicin faɗi na kimanin 340. Ita kuwa 450 da kika gani tsawonsa ne, domin ba mulmulalle ba ne, dogo ne, gajeren ɓangarensa kimanin mita 170, kuma hotunan rada sun nuna alamar yana da kai biyu. Saboda haka 340 da 450 ba su saɓa wa juna ba.

Hanyarsa kuwa daga matsayinsa ake gane ta: a daƙiƙa kaza yana daidai wuri kaza tsakanin taurari. An tara irin wannan awo dubbai tun daga 2004, rada kuma tana faɗin nisansa da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci gommai ba. Sannan ga babban sirrin: abin da ke kewaya rana, nauyinsa ba ya sauya hanyar da jan rana ke ɗora shi a kai. Da za a ɗauke Apophis a ajiye tsakuwa a gurbinsa, da gudu iri ɗaya da alƙibla iri ɗaya, jan rana da na duniyoyi hanya ɗaya zai bi da su. Saboda haka ko 300 ne ko 400, wurin da zai wuce a 2029 an san shi, kuskuren bai wuce 'yan kilomita ba.

Bazazzagiya:
Don Allah a fayyace mana falakin nasa da kansa. Ina yake zuwa, ina yake dawowa, kuma me ya sa kullum watan Afrilu ake ambata?

Mai_Lissafi_Zariya:
Yaya Bazazzagiya, yana kewaya rana sau ɗaya cikin kwana 324 ba kaɗan, wato shekararsa ta fi tamu gajarta da kusan kwana 41. Matsakaicin nisan duniya da rana kilomita miliyan 150 ne. Shi kuwa falakinsa ba cikakkiyar da'ira ba ce: idan ya matso rana yana kaiwa kimanin kilomita miliyan 112, kusa da hanyar Zuhura, idan ya yi nisa kuma yana kaiwa kimanin miliyan 164, wato ya ɗan fita bayan hanyarmu. Mafi yawan lokacinsa a cikin da'irarmu yake yi, tsakaninmu da rana, shi ya sa yakan shafe shekaru ba a iya ganinsa saboda yana ɓangaren da rana take. Duwatsun da ke da irin wannan falaki ana kiran rukuninsu Aten.

Falakin nasa ya karkace daga namu da digiri 3 da ɗan ɗoriya. Saboda wannan karkata, a wurare biyu kawai yake ratsa shimfiɗar da duniya ke tafiya a kai, kuma ɗaya daga cikinsu ya faɗo dab da hanyarmu, a daidai inda duniya ke isowa wajen 13 ga Afrilu kowace shekara. Kowace shekara muna wucewa ta wurin, sai dai galibi shi yana can wani gefe. Da yake ya fi mu saurin kammala zagaye, yana riskar mu kusan duk bayan shekara takwas, shi ya sa kika ga 2013, 2021, sai 2029. A 2029 ne kawai riskar ta zo daidai da mahaɗar hanyoyin.

Injiniyan_Sadarwa:
Mai_Lissafi, ban yarda da maganar tsakuwa ɗari bisa ɗari ba. Idan nauyi ba ya shiga lissafin, me ya sa aka kai har 2021 kafin a kawar da 2068? Ai abin da ya riƙe su shi ne turin da zafin rana ke yi wa dutsen, wanda ake kira tasirin Yarkovsky, kuma wannan ya dogara da girma, da nauyi, da yadda dutsen ke juyawa. Kowa ya san katangar da ta sha rana ba ta hucewa da faɗuwar rana, har bayan isha'i idan ka jingina za ka ji tana fitar da zafi. Haka dutsen yake: gefen da ya sha rana yana juyawa ya ci gaba da fitar da zafi, kuma wannan zafin da ke fita yana tura shi kaɗan kaɗan ta ɗaya gefen. A kan Apophis turin yana rage matsakaicin nisansa da rana da kimanin mita 200 a shekara. A ido ba komai ba ne, amma yana taruwa, kuma tsakuwa da dutse mai mita 340 ba za su ji shi daidai ba. Ke nan tambayar Hajiya tana da ƙafar tsayawa.

Mai_Lissafi_Zariya:
Injiniya, a kan jan rana da na duniyoyi na yi magana, kuma shi ne kusan dukan lissafin. Turin zafin da ka kawo gaskiya ne, amma lura da yadda aka same shi. Ba a jira an san nauyin dutsen ba. An kwatanta inda jan rana kaɗai ya kamata ya kai shi da inda aka same shi a zahiri cikin shekara 17, bambancin shi ne turin. David Tholen, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano shi, ya sanar da ganin alamar turin a 2020 daga awon da ya yi da madubin Subaru a Hawaii, rada kuma ta ƙara tabbatar da shi a 2021. Yanzu yana cikin lissafin.

Malam_Na_Zaure:
Ni abin da nake so a kiyaye shi ne harshe. Mutum ya ce ranar kaza, ƙarfe kaza, abu kaza zai faru bayan shekaru, wannan ba shiga gaibu ba ne? Ga shi kuma an ce sunan wani abin bautar mutanen Masar na da aka sa masa.

Almajirin_Falaki:
Allah ya gafarta Malam, ai malamanmu sun daɗe da raba ilimin hisabi da duba. Mai duba yana cewa tauraro kaza ya nuna za ka yi arziki ko za ka mutu, wannan shi ne abin da aka hana. Mai hisabi kuwa yana auna tafiyar da Allah ya ɗora halittunsa a kai ne, kamar yadda ake fitar da jadawalin lokutan salla na shekara guda tun kafin ta kama. Waɗanda suka yi wayo a 2006 za su tuna kusufin rana na 29 ga Maris, wanda ya ratsa Gana da Najeriya da Nijar. An sanar da shi tun da wuri. A garinmu da safe ne, hantsi ya fara dubawa, sai haske ya yi ta dusashewa har kaji suka nufi akurki, mutane suka cika masallaci, kuma lokacin bai saɓa wa abin da aka faɗa a rediyo ba. Lissafin Apophis ɗan'uwan wannan ne, kuma mai faɗinsa ya ce in Allah ya so bai rage komai ba. Sunan kuwa al'adar masu gano duwatsun ce su ɗauko daga tatsuniyoyin mutanen da. A rajista lambarsa 99942.

Malam_Na_Zaure:
Madalla. Idan a kan wannan fuska ce, ba ni da ja.

Baƙon_Omdurman:
Mu a Sudan mun ga irin wannan lissafi ya tabbata a ƙasarmu. Ranar 6 ga Oktoban 2008 wani mai duban sama a Arizona, Richard Kowalski, ya hango ɗan ƙaramin dutse mai kimanin mita 4, aka sa masa 2008 TC3. Cikin sa'o'i aka lissafa cewa zai shigo iskar duniya a saman arewacin Sudan da asubahin washegari, haka kuwa aka yi, ya tarwatse a saman hamadar Nubiya. Shi ne karo na farko a tarihi da aka ga dutse a sarari kafin ya faɗo. Bayan haka Dakta Mu'awiya Shaddad na jami'ar Khartum da Peter Jenniskens suka kwashi ɗalibai, suka jera su sahu guda suna taka hamada a ƙafa, suka tsinto gutsattsari kusan 600. An sa musu suna Almahata Sitta, saboda tashar jirgin ƙasa ta shida da ke kan layin Wadi Halfa zuwa Abu Hamad. Idan an iya wannan da awon da bai kai na kwana ɗaya ba, ina ga dutsen da aka shafe shekaru ana bibiya?

Katsinawa_Dikko:
Mu ma ai an taɓa yi a wajenmu. Ranar 3 ga Oktoban 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin lardin Katsina, dab da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Ko shi ma ɗan'uwan Apophis ne?

Almajirin_Falaki:
A'a, na Zagami ɓallin duniyar Mars ne, binciken sinadaransa ya tabbatar da haka, kuma yana cikin sanannun duwatsun Mars a duniya. Apophis kuwa, hasken da yake mayarwa ya nuna dutse ne na silika mai ɗan ƙarfe kaɗan, irin wanda masana ke kira LL kondirait, wato ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su shekara biliyan huɗu da rabi da suka wuce, wanda bai taɓa narkewa ya zama duniya ba.

Zangon_Kumasi:
Tunda ana maganar abin da ya faɗo, tafkin Bosumtwi da ke kusa da mu nan Kumasi ramin faɗuwar dutse ne, faɗin ramin ya haura kilomita 10, shekarunsa kimanin miliyan ɗaya. Duk wanda ya tsaya a bakin tudun ya leƙa ruwan a ƙasa, ya ga yadda tsaunin ya zagaye shi, ba zai ƙara raina maganar nan ba.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a, labaran suna da daɗi, amma a dawo kan Apophis. Hajiya ta yi tambaya a kan girma da hanya, kuma har yanzu ba a faɗi nisan da zai wuce ba.

Malamin_Fizika:
Zai wuce kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa, wato kimanin 38,000 daga tsakiyar duniya. Wata yana nisan kilomita 384,000, ke nan kashi ɗaya cikin goma na nisan wata. Faɗin duniya kanta kilomita 12,700 ne da ɗoriya, saboda haka tazarar ta kai duniya biyu da rabi a jere. Lokacin mafi kusanci ƙarfe 9:46 na dare ne agogon GMT, wato 10:46 a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, 11:46 a Sudan, a Gana kuma 9:46 ɗin. Gudunsa a lokacin, idan aka auna daga duniya, ya ɗan haura kilomita 7 a sakan ɗaya.

Bazazzagiya:
Na karanta cewa zai shigo ƙasa da taurarin ɗan'adam. Ba zai kwashe su ba? Kuma ba zai jawo girgizar ƙasa ko ambaliyar teku ba?

Injiniyan_Sadarwa:
Taurarin sadarwa masu tsayawa wuri ɗaya, irin NigComSat-1R na Najeriya da waɗanda faranten talabijin ɗinmu ke kallo, suna nisan kilomita 35,786 ne, kuma dukansu a jere suke a zobe ɗaya saman layin da ya raba duniya biyu. Gaskiya ne Apophis zai matso fiye da wannan nisa, amma a karkace zai zo, kuma a lokacin da zai ratsa shimfiɗar zoben yana wajensa, lokacin da ya fi kusa kuma ya riga ya bar shimfiɗar.

Maganar teku kuwa lissafinta mai sauƙi ne. Wata ya fi Apophis nauyi fiye da sau tiriliyan ɗaya. Kusancin da dutsen zai yi na ninki goma yana ƙara masa tasiri a kan ruwa sau dubu ne kawai, saboda haka tasirinsa zai gaza na wata fiye da sau biliyan ɗaya. Shi ne zai ji a jikinsa, ba mu ba.

Uwar_Biyu:
Injiniya, ka ce wata ya fi shi nauyi sau kaza, alhali ɗazu an nuna ba a auna nauyin nasa ba. Daga ina ka samo?

Mai_Lissafi_Zariya:
Hajiya kin kama shi da kyau. Ƙiyasi ne, kuma kowa na iya yin sa da biro. Ƙwallo mai faɗin mita 340 cikinsa kimanin mita kubik miliyan 20 ne. Dutse irin wannan, idan ɗaya ne dunƙulalle, kowace mita kubik tana kai tan 3 ko fiye, idan kuma tarin ɓaraguzai ne mai ramuka a tsakani, tana sauka zuwa wajen tan 2. Ke nan tsakanin tan miliyan 40 da 60. Ko an ninka wannan sau biyu, amsar Injiniya ba za ta motsa ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan tambaya ta dunƙulalle ko tarin ɓaraguzai. Da kumbon Hayabusa na Japan ya isa Itokawa a 2005, dutse mai irin sinadaran Apophis kuma bai fi shi girma sosai ba, tarin ɓaraguzai ya tarar. Da kumbon OSIRIS-REx na NASA ya taɓa wani dutsen mai suna Bennu a Oktoban 2020 don ɗebo ƙasa, hannunsa nutsewa ya yi kusan rabin mita kamar babu abin da ya tare shi. Jan da ke riƙe irin waɗannan jikkuna rauni gare shi ainun. A kan Apophis, abin da aka jefa da gudun kimanin santimita 20 a sakan ya tafi ke nan ba zai dawo ba, kuma mai tafiya a ƙafa ya ninka wannan gudu sau da yawa. Ga shi kuma ba a kan ƙafa ɗaya yake juyawa ba, tangaɗi yake yi: haskensa yana maimaita kansa duk bayan kimanin sa'a 30 da rabi, yana kuma da wani juyi na biyu a hankali mai ɗaukar kwana 11. Idan ya shigo kusa, jan duniya zai fi ƙarfi a gefensa na kusa fiye da na nesa, ana sa ran wannan zai sauya juyin nasa, wataƙila har ya zame da duwatsu da ƙura a fuskarsa. Tarwatsewa dai ba a sa ran zai yi, don nisan bai kai ga haka ba.

Dan_Gusau:
To mu ƙaddara lissafin ya kuskure. Idan ya faɗo, duniya ta tashi ke nan?

Malamin_Fizika:
Tashin duniya na Allah ne, amma a ma'aunin ɓarna, dutse mai wannan girma na yanki ne, ba na duniya duka ba. Wanda ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairun 2013 bai wuce mita 20 ba, ya raunata mutane kusan 1,500, galibinsu da fasassun gilasan tagogi. Na Tunguska, shi ma a Rasha, a 1908, wanda aka ƙiyasta mita 50 zuwa 60, ya kwantar da daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,000. Apophis an taɓa ƙiyasta ƙarfinsa da kusan megaton 1,200 (megaton ɗaya shi ne ƙarfin fashewar tan miliyan ɗaya na nakiya), alhali bam mafi girma da aka taɓa gwadawa megaton 50 ne. Wanda ya halaka manyan dabbobin da shekara miliyan 66 da suka wuce kuwa kilomita 10 ne. Ni a ganina abin tsoro ba Apophis ba ne, shi an san shi. Na Chelyabinsk ta ɓangaren rana ya zo, ba wanda ya gan shi sai da ya iso. Kuma a 2022 kumbon DART ya daki ɗan dutsen Dimorphos da gangan ya rage lokacin zagayen da yake yi wa wani babban dutse da fiye da rabin sa'a, wanda ya nuna idan an ga dutse da wuri ana iya kautar da shi.

Dan_Damagaram:
Ni maganar kallo ce ta dame ni. Da ido za a gan shi a Zinder, ko sai da na'ura?

Almajirin_Falaki:
Da ido, in Allah ya kai mu, kuma Afirka na cikin inda kallon zai fi kyau, tare da Turai da yammacin Asiya. Haskensa zai kai na matsakaicin tauraro, ba shi da wutsiya, ba ƙara, ba tartsatsi. Abin da zai bambanta shi shi ne tafiya, domin a lokacin da ya fi sauri zai ratsa faɗin wata cikakke cikin ƙasa da minti ɗaya. Daren ya zo daidai da ƙarshen Zulƙida na 1450, babu farin wata ko kaɗan, kwana goma da 'yan kai kafin Babbar Salla. Zai fi haske kafin lokacin mafi kusanci, saboda daga baya gefensa mai duhu zai juyo mana, don haka daga bayan isha'i ya kamata a fita. Abokin gaba shi ne ƙurar bazara da fitilun gari. Mutumin ƙauye zai fi na birni morewa.

Injiniyan_Sadarwa:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne ya sa ban saki jiki da zancen shekara ɗari kamar Malamin_Fizika ba. Wucewar 2029 za ta sauya falakin gaba ɗaya. Jan duniya zai ƙara masa ƙarfi, shekararsa ta tashi daga kwana 324 zuwa kimanin 423, mafi kusancinsa da rana ya koma wajen kilomita miliyan 134, mafi nisa kuma wajen miliyan 196. Zai bar rukunin Aten ya koma na Apollo, masu yin yawancin tafiyarsu a wajen da'irarmu. Irin wannan lanƙwasa tana ninka kowane ƙaramin kuskure. Bambancin kilomita ɗaya a daren nan yana iya zama na dubban kilomita bayan wasu shekaru. Shi ya sa aka yi ta maganar ƙananan kafofi a sarari waɗanda idan ya bi ta cikinsu zai dawo daidai kanmu, kamar ta 2036 da faɗinta bai kai kilomita ɗaya ba.

Mai_Lissafi_Zariya:
Kafofin nan ai an san wurarensu, kuma abin da awon 2021 ya nuna shi ne iyakar kuskuren da ya rage ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin masu kaiwa ga karo a wannan ƙarni ba. A kan wannan aka gina maganar shekara ɗari, ba a kan fata ba.

Injiniyan_Sadarwa:
Na yarda da wannan. Amma idan juyinsa ya sauya a 2029, turin zafin rana ma zai sauya, kuma mita 200 ɗin da aka auna ta tsohon juyi ce. Dole a sake awo daga farko. Ina ganin dalilin da ya sa ake rububin aika kumbuna ke nan. Kumbon OSIRIS-REx da ya kawo ƙasar da ya ɗebo daga Bennu a Satumban 2023 an sauya masa suna zuwa OSIRIS-APEX an nufe shi da Apophis, zai riske shi jim kaɗan bayan wucewar, har da shirin hura masa iskar injinsa don a ga abin da ke ƙarƙashin ƙurar. Turai kuma tana shirin kumbon Ramses, wanda ake so ya tashi a 2028 ya isa tun Fabrairun 2029, don ya ga dutsen kafin duniya ta taɓa shi da kuma bayan ta taɓa shi.

Uwar_Biyu:
Na gode muku ƙwarai. Na kwafi bayanin Mai_Lissafi na tura zauren dangi, wani kawunmu ya ce shi dai sai ya gani da idonsa. Amma Injiniya, idan kumbon ya je ya hura masa iska, shi ma ba zai ture shi daga hanyar da aka lissafa ba?

Dan_Gusau:
Yauwa Hajiya, ni ma ita nake shirin tambaya. Kuma wa ya ba su izinin taɓa shi tun farko?

Mai_Lissafi_Zariya:
Kumbon bai wuce tan biyu da ɗan ɗoriya ba ko da yana cike da mai, dutsen kuwa tan miliyan 40 ne a mafi ƙarancin ƙiyasi, kuma hurin na ɗan lokaci ne, bayan ya riga ya wuce mu. DART da ya iya motsa Dimorphos karo ya yi da shi da gudun kilomita 6 a sakan, kuma Dimorphos bai kai rabin faɗin Apophis ba. Amfanin zuwan kumbon ma shi ne, daga yadda dutsen zai riƙa jan sa za a auna nauyinsa kai tsaye, alƙalamin da har yanzu da biro muke fitar da shi. Tambayar izini kuwa ta Dan_Gusau ba ta lissafi ba ce, sai dai masu ilimin dokokin ƙasa da ƙasa na zauren nan su shigo.